Awon maganin hawan jini: yadda haske da lissafi ke tona asirin ƙwayar magani

Duk wanda ya taɓa raka dattijo zuwa farmasi ya san yadda abin yake. A miƙa takardar lokotoro, a biya kuɗi, a karɓi ɗan kwali. Bisa kwalin an rubuta sunan magani da nauyinsa, misali miligaram 25. Mai saye ya yarda, ya koma gida, yana haɗiyar ƙwaya safe da yamma. To, wa ya auna ya tabbatar miligaram 25 ɗin nan suna cikin ƙwayar? Da wane ma'auni aka auna? Shi kuma ma'aunin, yaya aka gyara shi har aka amince da shi? Waɗannan tambayoyi ne za mu bi yau, ɗaya bayan ɗaya.

Cutar da ba ta sallama

Hawan jini, wanda mutane da yawa ke kira tansiyo, cuta ce da ke shiga gida ba sallama. Lokotoro na cewa mutum yana da ita idan an auna shi a ranaku dabam-dabam aka tarar awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta faɗa cikin rahotonta na shekara ta 2023 cewa masu wannan cuta sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyan dubu 1 da 300 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna ɗauke da ita ba.

Ga inda hatsarin yake. Idan maganin masassara ba shi da ƙarfi, jiki zai ci gaba da zafi, iyali su gane, a koma likita. Mai hawan jini kuwa, sau da yawa ba ya jin kome. Idan ƙwayar da yake sha rabin magani ce kawai ke cikinta, zai yi watanni yana tsammanin ya tsare kansa, alhali jijiyoyinsa na wahala, har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye, ko zuciya ta gaza, ko ƙoda ta lalace.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A shekara ta 2017 an buga sakamakon wani bincike mai suna SEVEN, wanda aka yi bisa magungunan zuciya da na jini iri bakwai cikin ƙasashe goma na Afirka, har da Nijar. An sayi magungunan a farmasi da kuma wajen masu talla. Cikin samfur 1530 da aka auna, wajen kashi 16 cikin ɗari ba su cika ƙa'ida ba. Magungunan hawan jini biyu ne suka fi muni: amlodifin, kashi 29 cikin ɗari, da kaftofiril, kusan kashi 26. Bari mu ɗauki kaftofiril ya zama misalinmu.

Maganin da ya fito daga dafin maciji

A ƙasar Barazil akwai wani maciji dangin kububuwa da ake kira jararaka. A shekara ta 1965 wani masani ɗan ƙasar, Sérgio Ferreira, ya bayyana cewa cikin dafin macijin akwai abin da ke taimakawa jijiyoyin jini su saki. Daga wannan hanya ce masanan kamfanin Squibb na Amurka, Miguel Ondetti da David Cushman da abokan aikinsu, suka ƙera kaftofiril a 1975. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 1981. Aikinsa shi ne hana jiki yin wani sinadari mai ƙuntata jijiyoyin jini; idan jijiya ta saki, awon jini sai ya sauka.

Kaftofiril yana da wani hali da ya kamata a riƙe. A jikinsa akwai ɗan reshe mai ɗauke da farar wuta, shi ya sa ƙwayar takan yi ɗan wari. Wannan reshe ba ya jimirin iska da laima. Idan ajiya ta yi muni, sai ƙwayoyin sinadarin su riƙa haɗewa biyu-biyu ta wajen reshen nan, su koma wani abu dabam. Zafi kuma yana gaggauta lalacewar. Saboda haka magani yana iya fitowa daga masana'anta cikakke, ya iso hannun mai saye ragagge.

Littafin ƙa'idar magunguna na Amurka ya ce dole ƙwayar kaftofiril ta ƙunshi tsakanin kashi 90 da kashi 110 cikin ɗari na abin da aka rubuta. Ke nan ƙwaya mai miligaram 25 ba za ta gaza 22 da rabi ba, ba za ta wuce 27 da rabi ba. Miligaram ɗaya kuwa, garam guda ne aka raba dubu aka ɗauki kashi ɗaya. Sikeli ba zai raba wannan gardama ba, domin yawancin nauyin ƙwayar gari ne da ake cuɗa maganin da shi don ya dunƙule. Sai a nemi wata dabara.

Kofin shayi da ma'aunin haske

Mai dafa shayi, idan ya zuba, yakan ɗaga ɗan kofin gilashi ya duba ta wajen haske. Na farko ya yi duhu, haske ba ya ratsa shi sosai. Na biyu ya ɗan washe. Na uku kuwa ana ganin yatsa ta bayansa. Ba tare da ya ɗanɗana ba, ya san ƙarfin kowane. Injin da masana ke kira sifektirofotomita, mu ce da shi ma'aunin haske, wannan aiki yake yi, sai dai shi da lamba yake ba da amsa.

Ƙa'idar ta daɗe. Bafaranshe Pierre Bouguer a 1729, da Johann Lambert a 1760, sun nuna yadda haske ke raguwa gwargwadon kaurin abin da ya ratsa. Bajamushe August Beer a 1852 ya ƙara da cewa raguwar tana bin yawan abin da aka narkar cikin ruwan. Idan aka ninka magani, lambar shan haske ta ninka. Injin da ya yaɗa wannan awo cikin ɗakunan bincike na duniya shi ne wanda Ba'amurke Arnold Beckman ya fitar a 1941.

Cikin injin akwai fitila. Ana raba haskenta launi-launi kamar bakan gizo, a zaɓi launi guda, a aika shi ta cikin ƴar kwalba mai faɗin santimita ɗaya inda aka zuba ruwan magani. A ɗaya gefen akwai idon lantarki mai ƙirga abin da ya fito. Kowane launi yana da lambarsa, da ma'aunin da ake kira nanomita. Idon mutum yana gani daga wajen 400 zuwa wajen 700.

Matsalar kaftofiril ita ce, idan aka narkar da shi, ruwan fari ne fat kamar na randa. Ko hasken da ido ba ya gani, kaɗan yake sha, kuma a wurin da wasu abubuwa da yawa su ma suke sha. Dole sai an ba shi launi. Ɗaya daga hanyoyin shi ne a zuba masa wani sinadari da George Ellman ya bayyana a 1959. Da sinadarin ya gamu da reshen farar wutan nan, sai ruwa ya koma ruwan ɗorawa, a auna shi a nanomita 412. Amfanin wannan hanya shi ne, kaftofiril da ya riga ya haɗe biyu-biyu ba ya ba da launi. Mai rai kaɗai ake ƙirgawa.

Aikin yana tafiya haka. A ɗauki ƙwaya ashirin, a auna nauyinsu, a niƙe su, a ɗebi garin da ya yi daidai da ƙwaya guda, a narkar, a tace, a sirka da ruwa. A gefe kuma a haɗa tsantsar maganin da aka san yawansa. Mu yi misali: tsantsar da ta yi daidai da miligaram 25 ta ba da lamba 0,50, ruwan ƙwayar kuwa ya ba da 0,40. Ke nan kashi 80 cikin ɗari ne ke ciki, wato miligaram 20. Wannan magani ya faɗi.

Inda gizo ke saƙa

Ga mai karatu abin zai yi kamar sauƙi, amma launin nan ba kullum yake fitowa iri ɗaya ba. Ya dogara ga abubuwa da dama. Na ɗaya, tsamin ruwan ko kanwarsa, abin da masana ke aunawa da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14: ruwan tsamiya yana ƙasa da 7, ruwan kanwa yana sama. Na biyu, yawan sinadarin da aka zuba. Na uku, mintocin da aka jira kafin a karanta lamba. Akwai kuma zafin ɗaki. Marini ya san irin wannan: baba ɗaya ce, amma toka da kwanakin da ta yi cikin karofi su ne ke sa shuni ya kama ko ya ƙi.

Idan ruwan ya karkata wajen tsami, launin ɗorawa yana jinkirin fitowa, mai awo ya karanta lamba ƙarama, ya ɗora wa maganin kirki laifi. Idan kanwa ta yi yawa, sinadarin Ellman da kansa yana farfashewa ya ba da launi ko babu magani, lamba ta kumbura, ragaggen magani ya tsira. Wajen pH 8 ake samun daidaito. Kuskuren farko hasarar dukiya ce, domin za a ƙone kaya masu kyau. Na biyu hasarar rai ce.

Tsohuwar hanyar neman daidaito ita ce a canza abu ɗaya a bar sauran. A gwada pH iri biyar, a zaɓi mafi kyau, a tsaida shi. Sa'an nan a gwada yawan sinadari, a tsaida. Sa'an nan lokaci. Hanyar tana da hankali a ido, amma tana da makanta guda. Manomi zai gane ta nan take. Wanda ya gwada taki a shekarar fari zai ga hatsi ya ƙone, ya ce taki ba shi da amfani. Wanda ya gwada shi a shekarar ruwa zai ce ba abin da ya fi shi. Kowane ya faɗi abin da ya gani, amma gaskiyar ita ce amfanin taki ya rataya ga ruwa. Haka nan cikin kwalbar awo: lokacin da ya dace a jira ya rataya ga pH. Inda tsami ya ɗan fi, jira yana ƙara gaskiya. Inda kanwa ta yi yawa, jira yana ƙara ƙarya. Mai canza abu ɗaya-ɗaya ba zai taɓa ganin wannan rataya ba.

In kuwa aka ce a gwada kowane da kowane, aikin ya yi yawa. Abu uku, kowane mataki biyar, gwaji 125 ke nan. Sinadari zai ƙare, wata ya wuce.

Dabarar da ta fito daga gona

Maganin wannan matsala daga gona ya fito. A shekara ta 1919 wani masanin lissafi Bature, Ronald Fisher, ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted, arewa da London a ƙasar Ingila. Ya tarar da takardun gwajin taki na shekaru masu yawa. Daga nan ya kafa ilimin tsara gwaji, ya tara shi cikin littafinsa na 1935. Koyarwarsa uku ce. A canza abubuwa tare, bisa tsari, domin a ga yadda suke rataye da juna. A maimaita gwaji, domin a san girman kuskuren da ke zuwa haka kawai. A jefa ƙuri'a wajen jera gwaje-gwaje, kada wani abu ɓoyayye, kamar zafin rana da ke ƙaruwa daga safe zuwa azahar, ya shiga lissafi a ɗauka aikin sinadari ne.

Da tsarin Fisher, abu uku masu mataki biyu-biyu, ƙarami da babba, gwaji 8 kawai suke bukata, kuma kowane gwaji yana ba da shaida bisa dukan abubuwa ukun. Idan abubuwan da ake zargi sun yi yawa, akwai tsarin da Plackett da Burman suka fitar a 1946: da gwaji 12 ana iya tankaɗe abu har 11, a ware masu nauyi, a bar tsaki.

Bayan tankaɗe sai neman ƙololuwa. A 1951 George Box da K. B. Wilson, suna aiki a kamfanin sinadarai na ICI a Ingila, suka kawo wata dabara. Suka ce a ɗauki sakamakon gwaji kamar tudu: gabas da yamma pH ne, kudu da arewa lokaci ne, tsawon tudun kuwa ƙarfin launi. Ba sai an taka kowane taku ba kafin a san siffar tudu. Ya isa a auna tsawonsa a wasu wurare zaɓaɓɓu, lissafi ya zana sauran. A 1960 Box da Donald Behnken suka fitar da tsarin da masu awon magani ke yawan amfani da shi: abu uku, kowane mataki uku, maimakon gwaji 27 sai a yi 15. Goma sha biyu suna kewaye, uku kuma maimaici ne a tsakiya, don a ga ko hannu da inji suna faɗin magana ɗaya.

Daga gwaji 15 ɗin nan ake fitar da jimlar lissafi mai lambobi goma. Ɗaya tushe ce. Uku suna nuna ƙarfin kowane abu shi kaɗai. Uku suna nuna rataya tsakanin biyu-biyu. Uku na ƙarshe suna nuna lanƙwasa, wato inda ƙari ya daina amfani ya fara ɓarna. Sa'an nan a tambayi kowace lamba: girmanta ya wuce kuskuren da aka gani a tsakiya, ko bai wuce ba? Wadda ba ta wuce ba, ba a gina kome bisanta. A zamanin Box da hannu da ƙaramin injin lissafi ake wannan aiki. Yau kwamfuta tana gama shi kafin shayi ya tafasa, har ta zana tudun.

Masanin kirki ba tsinin tudu yake nema ba ko ta halin ƙaƙa. Ya fi son wuri mai faɗi kusa da ƙololuwa, inda ko hannu ya ɗan goce, ko an makara da minti ɗaya, lamba ba za ta canza sosai ba. Kuma abin da lissafi ya nuna, dole a koma ɗakin bincike a gwada shi da hannu. Idan kwalba ta ƙaryata takarda, kwalba ce mai gaskiya.

Shi ma ma'auni sai an auna shi

Samun daidaito rabin aiki ne. Saura a tabbatar hanyar ta cancanci a yanke hukunci da ita. Hukumomin magani na Turai da Amurka da Japon, tare da masana'antu, cikin taronsu da ake kira ICH, sun shimfiɗa ƙa'idodin wannan tabbatarwa a 1994 da 1996, aka sabunta su a 2023.

Ana haɗa tsantsar magani aƙalla ƙarfi biyar, daga mai rauni zuwa mai kauri, a duba ko lambobinsu sun hau layi miƙaƙƙe. Dabarar ja wannan layi ta tsakiyar ɗigo-ɗigo, Bafaranshe Legendre ne ya buga ta a 1805. Ana zuba sanannen adadin magani cikin garin ƙwaya, a ga ko awo zai maido da shi cif, aƙalla sau tara bisa ƙarfi uku. Ana ba wani ma'aikaci dabam, a wata rana dabam, ya maimaita. Ana gwada garin cuɗi shi kaɗai, a tabbata ba ya ba da launi. A ƙarshe a gwama sabuwar hanya da hanyar da littafin ƙa'ida ya sani, a yi amfani da gwajin lissafi na William Gosset, wanda ya buga a 1908 da sunan aro Student, don a ga ko bambancin da ke tsakaninsu na gaske ne ko kuwa na sa'a.

Iyakar ma'aunin haske

Kada a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ma'aunin haske launi yake gani, ba ya tambayar mai launin sunansa. Duk wani sinadari mai irin reshen farar wutan nan zai ba da ruwan ɗorawa kamar kaftofiril. Don haka manyan ɗakunan bincike suna dogara ga injin kuromatogarafi, mai rarrabe abubuwan da ke cikin ruwa ɗaya-ɗaya kafin ya auna. Da irinsa ne aka yi binciken 2017 da muka ambata. Sai dai wannan inji yana da tsada, yana shan ruwaye masu tsabta ƙwarai waɗanda ake sayowa daga waje, kuma gyaransa sai gwani. Ma'aunin haske ya fi arha, ya fi jimiri, ana koyonsa da wuri. Wurinsa shi ne bakin ƙofa: ya tace kaya masu yawa da sauri, wanda ya yi zargi a aika da shi gaba.

Haka kuma lissafi ba ya gyara abin da hannu ya ɓata. Idan sikeli ya karkace, ko tsantsar da ake gwamawa da ita ta tsufa, duk tsarin Box da na Fisher ba za su hana amsa ta zama ƙarya ba.

Abin da ya rage gare mu

A Yamai, aikin duba ingancin magani yana cikin ayyukan ɗakin bincike na ƙasa da ake kira LANSPEX. Ga ma'aikatan da ke da hannu cikin sayen magani da ajiyarsa, darasin a fili yake. Takardar da ta rako kaya daga masana'anta tana faɗin halin magani ranar da ya fito, ba ta san kwanakin da ya yi cikin mota ko cikin sito mai rufin kwano ba. Kuma hanyar awo da aka daidaita cikin ɗaki mai sanyi a wata ƙasa, wajibi ne a sake gwada ta a ɗakin da za a yi aiki da ita, tun da zafi yana canza saurin fitowar launi. Kuɗin da aka kashe wajen sinadari da tsantsar gwaji da horon ma'aikata, kaɗan ne idan aka gwama da jinyar mutum guda da ɓarin jikinsa ya shanye.

Ga mai shan magani kuwa, ga abin da ke hannunsa. Ya saya a farmasi ko a likita, ya bar na tire da ke yawo cikin rana. Kada ya ɓare ƙwaya daga takardarta sai lokacin sha. Ya ajiye kwalin nesa da murhu da randa. Ya riƙa zuwa awon jini a kai a kai, ko da yana jin garau. Idan yana shan magani bisa ƙa'ida amma awo ya ƙi sauka, kada ya ƙara ƙwaya da kansa, kada kuma ya daina. Ya koma wajen lokotoro da kwalin a hannu, domin lambar da ke jikin kwalin ita ce za ta nuna wane kaya za a ɗauka a kai gaban ma'aunin haske.